Muhammadu Biyu, Lambar Yabo Ɗaya

Abubuwa da yawa na aikin nan sun fice mini a kai tun da na ajiye kaki, amma ban taɓa mantawa da ranar da wani tsoho ya zo ofishinmu yana neman a rage masa girma ba. Ranar Asabar ce, farkon makon aiki a wancan lokacin, cikin watan Sha'aban na 1419, wato ƙarshen shekarar 1998. Ina rakib, abin da mutanenmu na gida ke kira saje, kuma ni ke riƙe da ɗakin fayil a ofishin da ke kula da takardun tsofaffin sojoji a nan Madina. Ku da kuka tarar da kwamfuta ba ku san ɗakin nan ba. Fayil kore mai rataya ne tun daga ƙasa har rufi, da na'urar sanyi guda mai yawan tari, sai ni.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su san aikin ba. Duk sojan da ya gama ana ba shi takardar sallama, a jikinta akwai bayanin hidimarsa: ranar da ya shiga, inda ya zauna, ko an taɓa tura shi wata ƙasa, da lambobin yabon da ya samu. In an yi kuskure, wanda aka tauye wa hakki shi zai rubuto takardar koke ya sa hannu, mu haɗa hujjoji, kwamitin hafsoshi uku ya zauna, sannan a aika Riyad a tabbatar. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, duk wanda ya zo ƙari yake nema. Wani sai ya rantse maka ya yi yaƙi a garin da ko a taswira ba zai iya nuna maka shi ba.

Tsohon nan ya shigo da sanda, a hammatarsa takarda ce cikin gilashi, irin wadda ake ratayewa a bango. Ya dubi fuskata, ya dubi sunan da ke ƙirjina, nan take ya ajiye Larabci ya koma Hausa.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

Na ce, "Haruna nake, ya ammi," wato baffa. "Jikan Malam Idi tela, na unguwar Kalidiyya."

"Halas, shi ke nan, na zo gida. Kakanka ya ɗinka mini rigar aure, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Allah ya jiƙansa." Ya ajiye gilashin a kan tebur, ya ɗora yatsa. "Wannan layin da wannan, ka goge mini su."

Na duba. Layin farko ya ce an tura shi Labanan cikin dakarun da aka kai can a ƙarshen shekarun saba'in, ya yi wata goma sha huɗu. Na biyu ya ce an ba shi lambar yabo ta jarumtaka. Na ce masa mutane takanas suke zuwa su yi ta kai ruwa rana da mu don a rubuta musu irin wannan.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ni ko jirgin sama ban taɓa shiga ba. Shekara ashirin da biyar na yi a Tabuka ina dafa wa sojoji shinkafa. Abu mafi girma da na taɓa kayarwa raƙumi ne, shi ma sai da mutum huɗu suka riƙe mini shi."

Na jawo masa kujera, na zuba masa shayi, ya ba ni labari. Mahaifinsu, Malam Abdullahi, da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano, ya zauna. Kamar yadda ya ga ana yi a gidansu, duk ɗan da ya haifa Muhammadu yake sa masa. A gida babu ruɗani, shi tsohon nan Auwalu ne, ƙanensa Sani. Amma hukuma ba ta san da Auwalu da Sani ba. Sunanka take so, da na uba, da na kaka, da na ƙabila. Sai ga Muhammad Abdullahi Musa Hausawi har biyu. Ranar haihuwa kuwa, duk wanda ba a san tasa ba ɗaya ga Rajab ake rubuta masa, su biyun duk ita aka ba su. Suka shiga soja, suka kai muƙamin arif, wato kofur, kusan lokaci guda.

Sani ne ya je Labanan. Can ya ciro mutum biyu daga motar da ta kama wuta, ƙarfe ya shige masa ƙafa, aka dawo da shi, aka sallame shi saboda rauni. Bayan wata da watanni takardar yabo ta fito. Wani magatakarda, wanda har yau ba mu san ko wane ne ba, ya nemi sunan cikin waɗanda ke bakin aiki, ya same shi a Tabuka, bai dubi lambar soja ba. Wata safiya ana fareti aka ƙwala kiran Arif Muhammad Abdullahi Hausawi.

Tsohon ya ce, "Kai soja ne, ka sani. An kira sunanka gaban mutum ɗari biyar, ga babban hafsa a tsaye, me za ka yi? Na fita. Hannuna yana ƙamshin albasa aka maƙala mini abin nan."

Da ya samu hutu ya kai wa Sani lambar har Badar, inda yake aikin gonar dabino. Sani ya ƙi taɓa ta. Ya ce ta riga ta shiga gida, kuma shi ba zai karɓi abu daga ƙirjin yayansa ba. Da aka sallami Auwalu, kuskuren ya biyo shi cikin takarda, matarsa ta sa aka yi mata gilashi ta rataye a falon baƙi a gidansu na unguwar Aziziyya. Baƙi in sun tambaye shi labarin Labanan sai ya ce, "Allah dai ya kiyaye," su kuma su ce dubi tawali'un jarumi. Sani kuwa, mutane suka ɗauka daga bishiyar dabino ya faɗo, bai gyara wa kowa ba. Tsofaffin da suka san gaskiya sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba sa shiga tsakanin wa da ƙani. Kowace salla Sani zai zo ya zauna ƙarƙashin gilashin nan yana zuba wa baƙi shayi.

Na tambaye shi me ya tayar da maganar yanzu. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa. Ya ce a babbar sallar da ta wuce, babban ɗan Sani, malamin makaranta mai 'ya'ya biyu, ya nuna gilashin ya ce wa baƙi ai gidansu ba su rasa gwarzo ba, ga amminsu, wato baffansu. Ubansa yana zaune da butar shayi a hannu. Sannan ga shi likita ya sa wa shi Auwalun ranar aikin zuciya, saura mako uku.

"Wallahi ina jin tsoro, Haruna. Ba wuƙar likita ba. Kada in tafi da hakkin yaron nan a wuyana."

Yaron da yake faɗa ya haura sittin.

Na zaro fayil ɗin biyu, hujja ba ta yi wuya ba. A na Auwalu ga jadawalin madafa da sa hannunsa a duk watannin da aka ce yana Labanan. A na Sani ga takardar asibitin soja da hoton ƙashi. Na kai wa shugabanmu, wani ra'id, wato manjo, da muke kira Abu Salim, mutumin kirki mai son bin ƙa'ida. Ya karanta sunayen sau uku, ya cire tabarau.

"Ya Haruna, ubansu sunaye ne suka ƙare masa?"

Na ce, "Tal umrak, ranka ya daɗe, sunan ne ba ya ƙoshi da shi. Kuma a garin mai sunan muke."

Ya yi salati, ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce babu wata takarda da aka tanada don mai neman a cire masa yabo. Dole koke ya fito daga wanda aka tauye, da sa hannunsa. Na fita na gaya wa tsoho. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, in miƙo alƙalami, shi ma Muhammad Abdullahi Musa Hausawi ne. Na ce masa ya ammi, daga nan fa rigimar ta faro. Bai ji daɗina ba, ya ce ni ma hannuna ɗaya ya fi ɗaya tsawo kamar rigar kakana.

Ranar Alhamis ba aiki, na ɗauke shi a motata muka kama hanyar Badar. Muka tarar da Sani a gindin dabino yana gyara hanyar ruwa, dogo, siriri, yana jan ƙafar hagu. Da ya hango yayansa ya wanke hannu, ya zo ya sumbaci kansa, ya shimfiɗa tabarma. Sai da muka ci dabino muka sha gahawa na fito da takardar, na karanta masa. Da na zo kan kalmar koke ya ɗaga hannu.

"Koke a kan wa?"

Na ce a kan kuskuren takarda ne kawai.

"Takardar wa za a buɗe a goge? Ta Yaya. Ni in rubuta wa hukuma cewa Yaya ya riƙe mini abu? Ɗana, ka sha gahawarka. Ƙafa ta warke, maganar ta mutu."

Na yi bayani iya bayani. Na kawo doka, na kawo tarihi, har wa'azi na ɗan taɓa, ni da ban kai ko'ina a karatu ba. Sani yana ta murmushi yana tura mini farantin dabino. Na fara naɗe takardata, a raina na ce an yi asarar mai.

Sai tsoho Auwalu ya buga sandarsa a ƙasa. Muryar da ya yi magana da ita ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Sani."

"Na'am, Yaya."

"Tun muna yara na taɓa aikenka ka ƙi zuwa?"

"A'a, Yaya."

"To ba roƙonka na zo yi ba. Aikenka nake. Karɓi alƙalamin nan ka sa hannu, ranar Litinin ka je inda yaron nan zai kai ka, abin da aka tambaye ka ka faɗa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Sani ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙo hannu biyu ya karɓi alƙalamin. Yana sa hannu hawaye na zuba a gemunsa, yayan kuma ya juya yana duban dabino, wai yana ƙirga nawa suka yi 'ya'ya. Ni ma sai da na nemi abin dubawa.

Kwamiti ya zauna ranar Litinin. Wani naƙib, wato kyaftin, ya tambayi Sani yadda abin ya faru, ya ba da labarin cikin jimla huɗu, ko sunan kansa bai sa a ciki ba sai da aka matsa masa. Aka tambayi Auwalu inda yake a ranar, ya ce ba zai iya tuna ranar ba, amma in Laraba ce to wake ya dafa. Hafsoshin uku suka sa hannu. Abu Salim da kansa ya buga waya Riyad, duk da haka aka ce amsa sai bayan salla.

Ana gobe za a yi wa Auwalu aiki na je asibiti da abin da nake da shi, wato kwafin hukuncin kwamiti da lambar da aka fitar da takardar da ita daga ofishinmu. Na ce masa ba ta dawo ba tukuna, amma ta bar hannunsa. Ya sa na rubuta masa lambar a tafin hannu, ya dunƙule.

"Halas. Yanzu su yanka."

Allah ya yi da sauran kwana. Cikin Shawwal takardu biyu suka dawo, kowace da lambar sojan mai ita a rubuce manya-manya. Na kai su Aziziyya da kaina. Ta Auwalu ta ce shekara ashirin da biyar a sashen abinci, hali nagari, ba a taɓa hukunta shi ba. Ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ce wannan kam ko a kabari zai amsa ta.

Na ɗauka Sani zai tafi da tasa Badar. Ina! Ya nemi gilashin nan na da, ya sa ta a ciki, ya mayar kan ƙusar da aka cire waccan, wai nan ne babban gida. Na ce a raina duk wahalar nan ashe a bango ɗaya za ta ƙare. Ana haka baƙi suka shigo gaida mara lafiya, cikinsu har da ɗan Sani, malamin makarantar nan. Wani ya nuna gilashin ya ce wa tsoho Allah ya ƙara wa jarumi lafiya. Auwalu ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙanensa.

"Ni mai dafa shinkafa ne. Ga mai ita can yana zuba muku shayi."

Ɗan ya tashi ya karanta takardar a tsaye, ya dubi ƙafar ubansa, ya je ya karɓi butar daga hannunsa ya zaunar da shi.

Abin da na koya shi ne aikinmu bai tsaya ga takarda ba. Layi biyu da wani ya rubuta cikin gaggawa sun zauna a wuyan mutum shekara kusan ashirin, sun kuma hana ɗa sanin ko wane ne ubansa. Mutanenmu kuma ba kowa ne zai zo ya ce an cuce shi ba, wani kunya za ta riƙe shi har ya mutu. Don haka ku dubi lamba kafin suna. Ni dai tun daga ranar har na yi ritaya, duk Bahaushen da ya ce mini sunansa Muhammad, kafin in taɓa fayil sai na tambaye shi: na nawa ne a gidanku?