Ranar da Usta Ya Sauka Ya Bar Mini Babur

Shekara uku na yi ina musa'id, wato mataimakin direban tarakta, a wata babbar gona ta wajen Fashaga. Mu a Gadarif babur muke ce wa tarakta. Aikina shi ne zuba mai, shafa giris, cika akwatin iri, sannan in tsaya a baya kan diski, wato injin shukar da babur ke ja, ina lura kada ramukan da iri ke zuba su toshe.

Bana, kafin ruwa ya sauka, na ci jarrabawar tuƙi aka ba ni ruksa, wato lasisi. Shekarata ashirin da uku. Na fito daga ofis ina kallon hotona a jikin katin kamar ban taɓa ganin fuskata ba. Har mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, da ya kai ni gida sai da na nuna masa, alhali bai tambaye ni ba.

Na tarar da Inna a bakin murhu tana tuƙa asida. Na durƙusa na miƙa mata katin. Ta goge hannu a gefen mayafinta, ta karɓa, ta juya shi gaba da baya.

"Na mene ne wannan?"

"Na tuƙi ne, Inna. Hukuma ta yarda na iya."

"Ikon Allah! Ni shekara talatin ina tuƙi a gidan nan, ba wanda ya ba ni kati."

Sai ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta saman zana suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Da na koma gona, da ɗoki na kai wa Usta katin. Usta shi ne direban da nake ƙarƙashinsa, dattijo mutumin Hawata, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu ba. Ya duba, ya miƙo mini.

"Mabruk. Amma kati ba ya shuka dawa."

Na koma kan diski kamar kullum. Ruwa ya sauka, baƙar ƙasar nan mai tsagewa ta sha ta haɗe bakinta, muka fara shuka. Kwana biyu ko kallon sitiyari bai bari na yi ba.

Ran na uku da hantsi, muna kaiwa ƙarshen layi sai ya taka birki, ya sauko yana dafe da ƙugu.

"Jabana nake so in sha. Hau."

"Ni, Usta?"

"Akwai wani a nan bayan kai?"

Ban san lokacin da na dira daga diski na haye kujera ba. Kujerar da ɗumin jikinsa. Na yi bisimilla, na sa giya, babur ya yi gurnani ya ja. Wallahi ji na yi kamar duk gonar tawa ce, tun daga ƙafafuna har inda sama ta taɓa ƙasa. Sai waiwaye nake ta yi ina kallon yadda diski ke yanka ƙasa, bakina ya ƙi rufuwa.

Da na juyo, na ga abin da na aikata. Layina ya karkace kamar sawun maciji. Usta na zaune a inuwar rumfa da finjalin jabanarsa, wato gahawa, a hannu. Ya yafito ni, na tsaya.

"Ya waladi, me ka bari a baya da kake ta nema?" Ya nuna can nesa da haɓarsa. "Ka ga itacen ƙaron can? Kafa masa ido, kada ka sake shi har ka isa."

Layi na biyu ya fita sambal. Na uku ma haka. Na kama waƙa da ƙarfi, tunda ƙarar inji ta rufa mini asiri. Ban sauka ba sai da la'asar, kafaɗuna na zogi, ni kuwa ina jin zan iya kaiwa magariba. A kambo, inda ma'aikata ke kwana, mai dafa mana abinci ya zuba mini miya ya ce, "Bismilla, ƙaramin usta." Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da kai loma ina murmushi.

Bayan mako biyu dawa ta tsiro, kore shar, layi bayan layi. Karkataccen nan nawa ya fito fili a tsakiyarsu, masu noma suna ta yi mini tsiya. Na ɗauke shi hoto na tura wa ƙanwata, ta amsa da cewa ta gane aikina ne tun kafin in faɗa.

Wani lokaci ina tuƙi sai in tuna abokan da muka yi makaranta tare. Yaƙi ya watsa mu, wani yana Masar, wani yana Bor Sudan, wasu ban san inda suke ba. Ni Allah ya bar ni kusa da Inna, ya kuma ba ni sana'a a hannu. Ba na raina wannan.

Makon jiya wakilin gona ya kira ni gefe. Ya ce Usta zai koma kan injin girbi da kaka, kuma da aka tambaye shi wa zai ja tirelar buhuna zuwa kasuwar Gadarif, sunana ya ambata. Na je na sami Usta yana wanke hannu, na fara jero godiya.

Ya ce, "Tayar baya ta hagu tana son iska."

Na ruga neman famfo.