Turmina da Makaɗin Ƙasan Bene

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Autata ce ta haihu, mijinta yana karatu a can, suka ce in zo in zauna da ita har ta yi arba'in. Ban daɗe da sauka ba aka rufe ƙasa saboda korona, zaman arba'in ya zarce shekara.

Gidansu a unguwar Cheras yake, can saman wani dogon bene. Idan na leƙa taga sai in ga gajimare ya fi ƙasa kusa da ni. Titunan da na tarar suna ruri duk sun yi tsit. Bayan azahar hadari yakan haɗo, ruwa ya sauko ya shafe gine-gine ɗaya bayan ɗaya, har in ji kamar ni da jaririya da uwarta kaɗai muka rage, muna yawo a kwale-kwale.

Na zo da ɗan turmina daga gida, a naɗe cikin zannuwa. Haihuwar ta ba auta wuya, komai aka kai mata sai ta kau da kai. Yajin da aka niƙa a inji ta ce warin roba yake. Wanda na daka da hannu, citta da kanumfari da masoro da barkono, shi kaɗai ke sa ta sha romo. Ga damshin garin ba ya barin yaji ya daɗe bai dunƙule ba, don haka kusan kullum da la'asar nakan daka kaɗan. Hannu kuma ba ya mantuwa. Ko ban yi niyya ba sai in ji na shiga lugude, in bugi tsakiya, in bugi gefe, in saki taɓarya in tafa in cafe, kamar yadda muke yi da ƙanwata muna 'yan mata, Allah ya ji ƙanta.

Sai aka fara ƙwanƙwaso mana daga ƙasa. Na buga a buga, na tsaya a tsaya. Ana cikin haka masu kula da benen suka kira surukina suka ce an kai ƙarar hayaniya, in aka sake mai gida zai iya tashinsu. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

"Mama, don Allah a yi haƙuri da dakan nan. A kullen nan ina za mu nufa da jaririya?"

Na ce to. Auta ta ce wani Bature ne a ƙasanmu, an ce makaɗi ne. Na ce lallai, wanda ke ci da hayaniya shi zai kai ƙarar turmi! Na faɗi maganganu a kansa waɗanda har yau nake istigfari a kansu.

Daka ya tsaya, cin abincin auta ya tsaya. Nono ya fara ja da baya, jaririya ta yini tana kuka.

Wata la'asar aka buga ƙofa. Baturen ne, dogo siriri, furfurar gemunsa ta leƙo ta ƙasan takunkumi. Ya ja baya ya tsaya daga nesa, ya yi magana da Turanci, auta na fassara mini.

"Inna, wai lafiya mai kiɗan ta daina?"

"Wace mai kiɗa? Gaya masa nan gidan mutunci ne."

Auta ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin haihuwa. "Inna, ke fa yake nufi."

Ashe ba shi ya kai ƙara ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ce maƙwabciyarsa, tana kwana wurin aiki ta yi barci da rana, bugun kuma yana bin bango ya same ta. Shi kuwa da zarar ya ji na fara, sai ya hau kujera da sandunan kiɗansa yana ba ni amsa a jikin silin.

Daga baya ya riƙa zuwa bakin ƙofa, ina miƙa masa kunu, yana ba mu labarinsa. Mutumin Faransa ne, ubansa bakanike a wani gari na bakin teku. A kan gwangwanayen man mota ya fara kiɗa. Da ya girma ya tafi Paris, ya shekara da shekaru yana zaune a bayan wasu yana kaɗa musu a ƙananan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya san fuskarsa. Kiɗan nasu jaz ake ce masa. Ya ce gaisuwa ce kamar tamu, wannan ya faɗa wancan ya amsa, ba a san inda za ta ƙare ba. Sai da ya manyanta ya fara tsara kiɗan kansa, ya haɗa ƙungiya da mai fiyano da mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa. Wasa suka zo yi, abokan suka riga shi komawa, hanya ta rufe da shi. Tun daga nan kansa ya bushe, ba abin da ya tsara, sai da ya ji turmina. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai, ina barin wani gurbi a cikin bugun, kullum a wuri ɗaya, kamar ina jiran wani.

Ban ce wa auta ta fassara komai ba. Gurbin taɓaryar ƙanwata ne.

Washegarin zuwansa na farko ya hawo da wani faffaɗan katako, an jera ƙwallayen roba masu gashi a ƙarƙashinsa, an shimfiɗa darduma a kai. A kansa yake ɗora ganguna idan zai yi gwaji, don kada bugu ya bi ƙasa ya dami mutane. Na ɗora turmi na daka. Surukina ya sauka ya kasa kunne, ya dawo yana cewa, "Mama, wallahi ko motsi!" Ranar auta ta shanye kwanon romo, cikin 'yan kwanaki nono ya dawo. Sai daga baya na lura cewa bawan Allah nan da hannunsa ya toshe abin da yake jira kowace la'asar.

Sau ɗaya ya roƙi in bari ya naɗi luguden a na'ura. Na ce Allah ya kiyaye, ni da jikoki a ji ni a faifan makaɗa? Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ba komai. Da na san in ya tafi ba za mu sake haɗuwa ba, da na ce masa bismillah.

Ranar da zai tafi, da aka samar wa mutanen ƙasarsu jirgi, na sa auta ta bincika, aka ce ma'aikaciyar asibitin tana wurin aiki. Ruwa na zuba, gari ya ɓace a taga. Na sauke turmi daga katako na ajiye a ƙasa tsirara, babu komai a cikinsa, na fara. Na bugi tsakiya, na bugi gefe, na bar gurbin. Shiru. Na sake zagayowa. Sai na ji shi daga ƙarƙashin ƙafafuna, daidai wurin, bai riga ba bai makara ba. Na rufe ido. Ga inuwar tsamiya, ga kaji na tsattsagar tsaba, ga ƙanwata da ɗankwali a kafaɗa tana yi mini gwalo don na kusa sakin taɓarya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Kukan jaririya ne ya dawo da ni.

Bai karɓi katakonsa ba. A kansa na ci gaba da daka har aka buɗe hanya, ba wanda ya sake kai ƙara. A kansa kuma jikata ta fara tsayuwa, tana dafe da bakin turmi.