Yaya Shehu da kunun shekarar fari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Shehu, malamin kimiyya a wata makaranta a Illela. Kwanan nan rediyo ta cika da zancen ƙayyade iyali, ana cewa mun yi wa ƙasar yawa. Duk sanda na ji, shi nake tunawa.

Yaya mutum ne mai karatun littattafan Turawa na ƙagaggun labaran kimiyya, masu hasashen yadda duniya za ta zama. In an yi la'asar sai ya zauna a ƙofar gida yana fassara wa 'yan kasuwar unguwa. Akwai wanda ya fi jawo gardama: wani gari da abinci ya yi wa kaɗan, hukuma ta ce ba mai haihuwa sai da izini, tsohon da ya daina aiki kuma a hana shi rabon abinci. Mutane suka yi ta a'uziyya. Yaya kuwa ya ce kada a yi saurin tsine musu, domin gona ba ta ƙaruwa, bakuna suna ƙaruwa. Shi kansa 'ya'yansa uku ya tsaya, saboda matarsa ta sha wuya a haihuwar ƙarshe, ya kuma sha surutun dangi a kan haka.

Sai shekarar fari ta zo. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, tafkin Kalmalo ya ja baya. Mutane suka yi ta gangarowa daga Nijar, mata da tsofaffi da jarirai, suka yi zango a bayan kasuwar shanu. Unguwarmu ta haɗa hatsi ana dama musu kunu kowace safiya, Yaya ne mai rabo. Ba a daɗe ba hatsin ya fara ƙarewa.

Na zo hutu daga Sakkwato na tarar ana shawara. Alhaji Ummaru, ɗan kasuwar da ya fi kowa ba da hatsi, ya ce a fuskanci gaskiya: a ciyar da waɗanda ake sa ran za su rayu, a bar tsofaffin da suka riga suka kwanta. Ba mugun mutum ba ne. Ya tuna wa Yaya cewa shi da bakinsa ya ce mutanen labarin nan suna da hujja.

Yaya ya ce, "Na faɗi, Alhaji, kuma ban san mi zan ce maka ba. Amma taho gobe ka riƙa ludayin, ka gwada mani wadda za mu tsallake."

Alhaji ya zo. Ya bi layin da ludayi a hannu, ya kai kan wata tsohuwa da ko ƙoƙonta ba ta iya ɗagawa. Ya tsuguna ya ba ta a baki. Bai tsallake kowa ba. Daga ranar aka riƙa ƙara wa kunun ruwa don ya isa.

Ba zan ce wannan ya ceci kowa ba. Tsohuwar ta rasu a makon, yara ma sun rasu. Yaya ya gaya mini cewa wataƙila da an bi shawarar Alhaji, da wasu yaran sun sami abin da zai riƙe su. Wannan tunanin bai sake shi ba har sanƙarau ya kama shi da bazara, ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki.

Me zai ce da zancen yau? Ina jin ba zai yi faɗa da miji da mata da suka zauna suka duba lafiyarsu da ƙarfinsu ba, tunda shi ma ya yi. Abin da zai tsorata shi shi ne wanda ke zaune nesa yana yanke cewa wasu sun yi yawa, alhali bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Yaya bai bar mana amsa ba, kuma bai yi kamar yana da ita ba. Ya san lissafin ba ƙarya ba ne, ya san mutum yana gabansa da yunwa, ya ɗauki nauyin duka biyun bai sauke ɗaya don ya huta ba. Allah Ya yalwata masa kabarinsa, shi da waɗanda aka binne a bayan kasuwar shanu ba mu san sunayensu ba.