Zoben da Na Ɗauka Mantawa Aka Yi

Jama'a, wata biyu ke nan kun ji ni shiru, har wasu na tambaya ko wayar ce ta faɗa rijiya. Wayar lafiyarta ƙalau. Kunya ce ta riƙe ni.

An yi wa ɗana Habibu kaciya a asibiti yana da kwana goma sha biyu. Mu a zamaninmu sai mun shekara bakwai wanzami ke zuwa. Ranar ma ina gona, maiɗakina Rabi ce ta kai shi.

Bayan kwana biyu na buɗe zanensa, sai ga wani ɗan zoben roba ɗaure da zare. Na ce lallai ma'aikatan nan sun manta kayan aikinsu a jikin yarona. Rabi tana can tana surfe. Ni kuwa mai aji uku na sakandare, na ce bari in taimaka.

Na ja.

Jini ya ɓalle. Inna, mahaifiyata, ta ce a sa toka, maƙwabciya ta ce garin kafso, ni na tsaya riƙe da zare ina salati. Rabi ta danne wurin da tsumma mai tsabta, ta ce, "Tayar da babur."

Asibitin garinmu suka tura mu birni. A mota yaro ya daina kuka, na ce sauƙi ya samu. Rabi ta ce, "Malam, dubi leɓensa." Fari fat.

Likita ta ce, "Wa ya taɓa zoben?"

Na dubi silin.

"Baban Habibu, da kansa yake faɗuwa. Ba a gaya muku ba?"

An gaya wa Rabi. Ni ne ban tambaya ba.

Ɗinki, allurai, ƙarin jini, kwana biyar ina kan benci. Buhun gero ya tafi. Har yau ban gane rabin abin da aka rubuta a katin asibitin ba.

Alhamdulillahi, Habibu ya warke. Allah Ya saka wa likitar nan da ma'aikatanta, da Rabi.

Iyaye maza, abin da ba ku gane ba, ku tambaya. Jini ya ƙi tsayawa, kumburi, zazzaɓi, ko yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ku nufi asibiti.

Saura abu ɗaya. Jinin da aka ƙara masa aro ne, da sharaɗin in mayar. Na je, aka gwada, aka ce nawa ma da ƙyar yake isata. Yanzu kullum zogale Rabi ke ɗura mini. Ranar Litinin zan koma.

Ban san jinin wane ne ke yawo a jikin ɗana ba. Ko waye kai, ina tafe da naka.