Butar Kalla Mai Garba

A bayan tashar gbaka ta Adjamé, inda ƙananan motocin haya ke lodin fasinja, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allo balle suna, amma ko direban da ya kama aiki jiya ya san ta. Rumfar Kalla ce. Ya zo Abidjan daga Illela a 1989, ya biyo wani kawunsa mai shigo da kaya ta ruwa, ya shekara biyar yana dako a tashar jiragen ruwa ta Treichville har bayansa ya ce ya gaji. Daga nan ya sayi kasko da benci biyu ya kama sayar da garba, wato aceke, wani irin dambun rogo, da soyayyen kifin ton, a yanka albasa da barkono a kai, a ɗiga mai. Da kaskon nan ya riƙe gida, da shi ya kai 'yarsa Afra'u makaranta har ta zama nas a wani asibiti a Treichville.

Kalla ba ya awo da ludayi. Hannunsa ne ma'auni, kuma hannun yana da ido: in ya ga yunwa a fuskar mutum sai ya ɗebo ya ƙara, ya kau da kai kamar ba shi ya yi ba. A bakin rumfar kuwa akwai wata shuɗiyar roba ta wankin hannu, kowa ya tsoma kafin ya zauna. Zuwa azahar ruwan cikinta ya koma wata kala da bai kamata a kwatanta wa mai cin abinci ba, amma haka ake yi ko'ina, ba wanda ya taɓa damuwa.

Mutumin da ya fara sayen garbarsa shi ne Bilya, tsohon direba mai baki, wanda duk inda ya zauna cin abinci nan sauran direbobi ke zama. Shekara bakwai Bilya na cin na Kalla yana kushewa, kullum kuma sai ya suɗe kwano.

A daminar 2001 kwalara ta zagayo ƙasashe har ta iso Abidjan. Kalla na cikin 'yan ƙalilan da ke ganin gari ta fuska biyu, domin kowace safiya bayan sallah yakan ƙetare gada zuwa Treichville sayen kifi. A Adjamé, cikin mako guda sabulu da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, suka ɓace daga shaguna. A ƙaramin asibitin unguwa mutane na kwance kan benci da ƙasa, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya kan ƙare kafin rana ta take. A Treichville kuwa, shagunan da ke maƙwabtaka da ɗakunan ajiyar kayan jirgi cike suke har rufi, masu su na gyangyaɗi. Abin ya ɗaure wa Kalla kai, gari ɗaya amma kamar ƙasa biyu.

Sai ma'aikatan tsafta suka fara bi suna rufe rumfunan abinci. Kalla ya tsorata ƙwarai. Rumfar nan ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ya san ranar da aka ce a wurinsa wani ya kwaso cutar, ya gama sayar da garba a Adjamé. Afra'u ta zo ranar hutunta, ta tsaya kan robar nan tana kallo kamar ta ga mushe.

"Papa, c'est fini, magana ta ƙare," ta ce. "Robar nan ta tashi aiki. Mutum ɗari, ruwa ɗaya, ai maladi ɗin, cutar kanta, kake raba musu kyauta."

Kalla ya ce ya ji. Amma jin Kalla daban yake. A ganinsa ba robar ce da laifi ba, ruwan ne ke son magani. Washegari ya sayo jabel a Treichville, bai tambayi kowa awo ba, ya tuttula a roba yadda yake auna aceke, har da gyara.

Ranar Juma'a ce. Bilya ya iso cikin shuɗiyar shaddarsa ta zuwa masallaci, yana ba da labari da ƙarfi, ya tsoma hannu har da bakin riga. Kafin ya kai rabin kwano, hannun rigar na dama ya yi fari fat. Direbobi suka tuntsire da dariya, ita ce kuwa ta fi masa ciwo. Ya miƙe ya ce wanda ke wanke mutane kamar tsumma ba zai ƙara ganin ƙafarsa ba. Ya koma wata rumfa a ƙetaren titi, direbobi suka bi shi kamar yadda suka saba.

Sai a lokacin Kalla ya saurari 'yarsa da kunne biyu. Ta nuna masa ɗan ɗigon da ya isa bokiti guda, ta ce a ajiye sabulu, a riƙa zuba wa kowa ruwansa daban da buta. Nan ma wata sabuwa ta taso. Mafi yawan masu cin garbarsa ba Musulmi ba ne, su kuwa abin da suka sani game da buta shi ne ana shiga da ita banɗaki. Ya sayo sabuwa dal, ya bar takardar shago a jikinta don kowa ya gani, duk da haka mutane sai su dube ta su wuce.

Kalla ya yi kwana biyu yana kallon benci ba kowa, sannan ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya miƙa wa matarsa Balaraba ludayi ya ce ta karɓi awo, shi kuma ya ɗauki buta ya tsaya a bakin rumfa. Dattijo mai furfura ya ce maka kawo hannunka, ya sunkuya zai zuba, da wane ido za ka ƙi? Sannu a hankali benci ɗaya ya fara cika. Na biyun, na direbobi, yana nan ba mai hawa. A tasin da ke kawo masa kifi kuma ya riƙa ɗoro wa maƙwabta sabulu da jabel, har layinsu ya koma warin asibiti, suna tsokanarsa da Likita.

Bayan mako uku, da safe yana sauke kifi, sai ga matar Bilya, Lami, ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba. Ta ce maigidan na ƙaramin asibiti tun asuba, amai da gudawa, an ce ruwa ya ƙare sai an kawo. Kalla bai bar tasin ya tafi ba. Suka kwantar da Bilya a kujerar baya cikin ƙarnin kifi, idanunsa sun faɗa, bakin nan mai surutu ya bushe. A kan gada Kalla ya kama kansa yana ƙirga kwanakin da Bilya ya yi bai ci a wurinsa ba, ya ji sanyi a ransa cewa ba daga rumfarsa ba ne, nan take kuma kunyar wannan tunanin ta rufe shi. Afra'u ta tarye su a ƙofar asibitinsu na Treichville, kafin ya gama bayani an ɗaura ruwa. Ranar kifinsa ya lalace, bai ko tuna da shi ba.

Cutar ta wuce da ƙarshen damina, ma'aikatan tsafta kuma da suka zo suka ga buta da sabulu sai suka wuce gaba. Kalla bai ƙara komawa kan awo ba. Shekara tara ya ƙara yana tsaye da buta a bakin rumfa, yana gaisawa da kowa, yana cewa bai taɓa jin daɗin sana'a kamar haka ba. Robar kuwa Balaraba ta shuka barkono a ciki.

Amma ranar da ya fi son tunawa ita ce Juma'a ta biyu bayan tafiyar nan ta kan gada. Yana tsaye sai ga Bilya a rame, yana takowa a hankali cikin shaddar nan mai farin hannu ɗaya, direbobi na biye da shi.

"Yako," Kalla ya ce, irin sannun mutanen Abidjan ga wanda ya sha wuya.

Bilya ya dubi butar, ya naɗe hannun rigar da ya rage shuɗi har gwiwar hannu, ya miƙo tafukansa biyu.

"Zuba, Kalla. Wannan ɗayan dai ka bar mini shi."

Kalla ya sunkuya ya zuba. Kumfar sabulu ta fita tas, amma bai ɗaga butar ba, ya kau da kai ya ƙara masa.