Ticha Ya Ce Bai Sani Ba

Na fara koyarwa a unguwar Nima ba ni da takardar malanta. Makarantar midil kawai na gama. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa, yaran aji biyu kuwa da ita suke zuwa daga gida. Tsarina ba ya canzawa: a duba farce, a duba allo, a zauna, in faɗa, su maimaita. Wanda bai maimaita ba, bulala tana rataye a ƙusa.

Wani dogon hutu, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka tara mu malamai a wata makaranta a Adabraka don a koya mana sabuwar hanya. Wata mata ce ta zo daga ofishin ilimi da jaka cike da kwalabe da igiya. Ta ce daga yanzu yaro ne zai yi tambaya, ya taɓa abu da hannunsa, ya gano amsa da kansa. Malami kuma ya saba wa bakinsa da cewa bai sani ba, a zo a bincika tare. Ta sa mu maimaita maganar da ƙarfi, gardawa masu gashin baki, har ta gamsu. Daga ƙarshe ta umarci malaman kowace makaranta su riƙa zama ranar Asabar suna shirya darasi tare.

Ni mutum ne da in an ba shi doka yakan bi ta. Da aka koma makaranta na aro baho, na cika shi da ruwa, na jera dutse, ƙusa, ƙoƙo da lemo biyu, ɗaya da ɓawonsa, ɗaya na ɓare shi tas. Mai ɓawon ya tsaya a sama, ɓararren ya nutse. Na ce wa yara su yi tambaya. Suka sunkuyar da kai, don a gidajensu wanda ya tsare babba da tambaya bai ji daɗin kunnensa ba. Sai da na kalli ƙusar bango sannan wata yarinya ta tambayi dalili. Na gyara tsayuwa na ce ban sani ba, mu bincika. Gaskiya na faɗa, ban sani ba ɗin.

Kafin la'asar maganar ta kai bakin famfo, daga can ta tsallaka babbar kwata ta shiga unguwar Maamobi. Iyayen nan dama da ƙyar suka yarda da boko. Uwar yarinyar, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, ta tare ni washegari da ludayi a hannu.

"Ticha, lemo ma ba ka sani ba? To me za ka koya mata, zaman benci?"

Ta janye 'yarta ta ɗora mata tire. Wasu suka bi sahu. Kowace safiya sai in tarar da sabon giɓi a benci. Hedimasta, wani Bagaye, ɗan asalin garin, mai ƙaramar murya, ya kira ni ofis ya ce in aji ya ci gaba da zubewa za a haɗe shi da na kusa, kuma ba sai ya gaya mini wanda za a sallama ba tsakanin mai takarda da marar ita.

Asabar muka zauna a barandarsa a Kokomlemle, da shi, da malamar aji uku, da tsohon da ke zuwa koya wa yara addini, wanda aka gayyata don kunya kawai. Na bayar da labari daki-daki. Malamar ta ce in watsar da bahon in koma yadda nake. Hedimasta ya ce ofis zai aiko a duba, baho ba ya zuwa ko'ina. Suka yi ta jan magana da Turanci, tsohon yana cin goronsa. Da aka fassara masa sai ya tambaye ni ko matar ofis ta ce lallai sai yara sun san jahilcina, ko kuwa so take su nemo amsa. Na ce su nemo amsa.

"To ɗana, wa ya aike ka tallan abin da ba ka da shi? A nan Zango, cikin Hausawa, malamin da ya ce bai sani ba ya mutu. Wanda ya sani ya hana, shi ake kai wa zakara."

Litinin na sake cika baho. Da wani yaro ya tambayi me ya sa ƙusa ke nutsewa alhali jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa, na dube shi, na ce na sani sarai, amma ba a ba rago irin wannan, ya je ya nemo. Suka watse suna tattara gwangwanayen madara. Suka buge wasu suka zama falle, suka bar wasu da ciki, suka jiƙa ajin har bakin ƙofa.

Wahalar ta koma kanmu malamai. Abin da na ce na sani dole in san shi kafin su dawo. Zaman Asabar ya tashi daga shan shayi ya zama aiki. Zan zo da tambayoyin aji biyu, malamar ta zo da na aji uku, don ita ma ta ɗauki salon ba tare da ta gode wa kowa ba. Hedimasta zai naɗe ƙafar wando ya durƙusa gaban baho, matarsa tana leƙe ta taga tana tambayar ko ofis ne zai wanke mata baranda. Wasu amsoshin mun gano su. Wasu mun yi gardama a kai har azahar, muka tashi kowa da tasa.

Labari ya sake bin bakin famfo, wannan karon cewa ticha yana da abubuwa a ciki, hanawa yake yi. Yara suka fara dawowa, har da waɗanda ban taɓa gani ba. A ƙarshen zangon karatu hedimasta ya leƙo, ya ga ana zama a matse, ya ce maganar haɗe aji ta wuce.

Ranar da aka buɗe sabon zango wani ɗan dako ya kawo ɗansa daga Maamobi. Ya ja ni gefe, ya rage murya, ya roƙe ni in riƙa tsakura wa yaron daga abin da nake ɓoyewa, ko kaɗan-kaɗan ne. Na ce ya danganta da ƙoƙarinsa. Sannan na ce a yanke masa farce kafin gobe.