Hijabin Ƙanwata a Ƙafar Babur

Akwai wata 'yar ƙanwata da ta addabi gidanmu yanzu. Ta zubar da kunu, ta tarwatsa kaji, ta kwance akuya ta ce wai tausayinta take ji. Uwarta, wato ƙanwar tawa, takan ce ni na lalata ta, tunda ko hararar ta ba na iyawa. Gaskiya ce, ba na iyawa, ni da kowa ya sani da faɗa. Da na ɗaga hannu sai in tuna ranar da muka kusa rasa ta tun ba mu ga fuskarta ba, sai hannun ya sauka da kansa.

Lokacin kaka ne, ana yankan shinkafa. Ƙanwata na da tsohon ciki, bayan ɓari biyu da ta yi a jere, kuma hankalin gidan duk a kan cikin nan yake, ko da yake ba mai furtawa. Ranar awonta ta zo, za mu asibiti a Malumfashi. Mijinta na gona, don haka ni zan raka ta. Mota takan tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Kafur, amma sai ta cika, kuma ba ta cika sai hantsi ya dubi ludayi, ga shi akan danna mutane a baya kamar buhunan masara. Ta ce ita ba za ta iya matsin nan ba, kuma in muka makara za mu tarar da layi. Na ga da gaskiyarta, na kira mana 'yan acaɓa biyu.

Wani sabon hijabi ta saka ruwan toka, irin mai jan ƙasa. Ta hau ta zauna ta gefe ɗaya, hijabin ya zubo har ya rufe takalmanta. Na ce, "Tattara shi ki ɗora a cinya."

Ta ce, "Yaya, bari mu wuce bakin kasuwa tukuna."

Na gane abin da take gudu. Surukinta da abokansa a gindin darbejiyar bakin kasuwa suke zama da safe, kuma in ta tattara hijabin zai lafe a jikinta, ciki ya fito fili. A wajenmu mace ba ta nuna ciki, balle a gaban suruki. Kowa ya sani, kowa yana yi kamar bai sani ba. Na ja tsaki na ce, "Cikin da ya kusa taɓa miki haɓa kike ɓoyewa?" Ta yi dariya ta kau da kai.

Muka wuce tsofaffin, ta sunkuyar da kai, suka amsa gaisuwa. Da muka hau kwalta baburan suka ƙara wuta, ita kuwa hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen baya, ɗaya na tallafe da cikinta, babu na ukun da zai tattara hijabi. Ni ina baya, ina ganin bakin yadin yana kaɗawa yana lasar ƙafar babur. Na kira ta, iska ta kwashe muryata. Na daki kafaɗar mai tuƙa ni na ce, "Malam, danna masa hon, ya tsaya." Ya danna. Na gaban ya zaci wucewa muke son yi, sai ya ɗan kauce gefe ya ci gaba da tafiyarsa.

A nan ƙafar baya ta cafke hijabin ta nannaɗe shi. Na ga kan ƙanwata ya yi baya, ta zame ta faɗo gefen titi, babur ya ja ta kaɗan kafin ya mutu ya kife ɗaya gefen. Allah ya taimake mu wurin akwai ramuka, ya riga ya rage gudu. Ban san lokacin da na dira ba. Na same ta a kishingiɗe, hijabin ya shaƙe mata wuya, idanunta sun firfito, bakinta a buɗe amma numfashi ba ya shiga. Na ja yadin da hannu, na sa haƙori, ko gezau bai yi ba, sabon yadi ne mai ƙarfi. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba.

Wani dattijo ya haura daga fadamar da ke gefen titi da laujensa a hannu. Ya ce, "Matsa, 'yata." Ya kama yadin tsakanin wuyanta da ƙafar babur ya yanke shi da ja ɗaya. Ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta kama tari. Ba ta taɓa wuyanta ba, ba ta dubi gwiwarta da ta ɗaye ba, hannayenta biyu kan ciki suka tafi.

Matan da ke ɗaurin shinkafa suka kewaye mu, wata ta kwance mayafinta ta rufa mata. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ta na tsaye, jini na bin hannunsa, sai salati yake yi. Dattijon ya tsayar mana da wata a-kori-kura da ta ɗauko masara, direban ya sauke na gaba ya sa mu. A hanya na raɗa mata, "Yana motsi?" Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

A asibiti muka dace da wata nas 'yar garinmu, Kirista ce, tare muka yi firamare. Tana ganin jan zoben da shaƙar ta bari a wuyan ƙanwata ta ce, "Hijabi ne ko?" Ta ce ba yau suka fara gani ba, wani lokaci zane ne, wani lokaci majanyin goyo, kuma ba kowa ake kawowa da ƙafarsa ba. Ta tsallake layi ta shigar da mu ɗaki, ta kwantar da ita, ta shafa mata wani mai a ciki, ta ɗora 'yar na'urar da ake jin bugun zuciyar jariri.

Da farko shuuu kawai muke ji. Ta matsar da ita gefe, shiru. Ta matsar ƙasa. Na riƙe ƙarfen gadon, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ban kai ƙarshenta ba na kama wata. Can sai ga shi, da sauri da sauri, kamar lugude a turmi.

Nas ta ce, "Ga mutumin naku nan. Lafiyarsa ƙalau, ku ne dai kuka wahala."

Na zauna daɓas a kan siminti, ina dariya ina kuka, ko kunyar kowa ban ji ba. Nas ta miƙa hannu za ta ɗauke na'urar, don ga mata can a waje suna jira. Ƙanwata ta riƙe mata hannu. Muryarta ta dushe, da ƙyar take fita, sai da na miƙe na kai kunne kusa da bakinta.

Ta ce, "Yaya, ki ce mata kada ta cire tukuna."

Nas ta dube ni, ta dube ta, ta jawo kujera ta zauna.